Tsofaffin gidajen sarauta a hannun 'yan fim: riba ce ko asara?

Ɗan_Fagge: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Ina karatu a Newcastle, arewacin Ingila. Ni da abokaina biyu muka hau bas zuwa garin Alnwick, wanda mutanen wurin ke kira Anik, don ganin tsohon gidan sarautar nan mai ganuwa ta dutse. Ginin ya haura shekara 900. Zuri'ar Percy suka saye shi a 1309, kuma har gobe su ne a ciki. A Ingila kaf, in ka cire Windsor, babu irinsa da ya kai shi girma cikin waɗanda ake zaune a cikinsu. Wurin ya ga yaƙe-yaƙe tsakanin Ingila da Sikotland, an yi masa ƙawanya, an zubar da jini a gindin katangarsa. To amma da muka shiga, sai na ga taron jama'a duk sun nufi wani fili mai ciyawa. Manya da yara kowa ya sa tsintsiya tsakanin ƙafafu yana tsalle ana ɗaukarsa hoto, domin a filin ne aka ɗauki inda ake koya wa yara tashi sama a fim ɗin Harry Potter na farko, na 2001. Ɗakunan da aka jera makamai da kayan tarihi kuwa, mutane tsilli-tsilli. Raina bai yi daɗi ba. Tambayata ita ce: idan fim ya shiga tsohon gini irin wannan, raya shi ya yi, ko ƙwace masa tarihinsa ya yi ya ɗora masa tatsuniya?

Ummu_Hanan: Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Ni wallahi na ɗauka makarantar matsafan nan ta cikin fim ɗin duk aikin kwamfuta ce. Ashe akwai ta a ƙasa?

Injiniya_Sabo: Hajiya, rabi da rabi ne. Babu wani gini guda ɗaya da za a nuna miki a ce ga makarantar. Alnwick ya ba da filin da wasu katangu a fina-finai biyu na farko. Dogayen barandojin da yara ke wucewa, wasu a babban cocin Durham aka ɗauka, wasu a na Gloucester. Hoton da kike gani daga nesa, mai hasumiyoyi a kan tsauni, ƙaramin samfuri ne da aka ƙera a sutudiyo. Wajen tacewa ake ɗinke su su zama gida ɗaya.

Ummu_Hanan: Allah ya ƙara sani, Injiniya.

Malam_Tanko_Tarihi: Ɗan Fagge, na fahimci abin da ya dame ka, ni ma malamin tarihi ne, shekara ashirin da shida ina riƙe da alli. Amma ka tambayi kanka, wa zai biya kuɗin rufin? Gidan dutse mai ɗaruruwan shekaru cin kuɗi yake kamar wuta a jeji. Da can waɗannan iyalai suna da gonaki da talakawa masu biyan haya, da shi ake riƙe gidan. Bayan yaƙin duniya na biyu haraji ya yi musu nauyi, ma'aikata suka yi tsada, aka rushe ɗaruruwan manyan gidaje a Birtaniya saboda masu su sun gaza. Ka ɗauki Highclere a Hampshire. A 2009 ruwa ya ci saman gidan, ɗakuna aƙalla hamsin ba sa zaunuwa, aka ƙiyasta gyaran gidan da kewayensa zai ci fam miliyan 12. A 2010 aka fara nuna shirin Downton Abbey, wanda a can aka ɗauka, baƙi suka yi ta tururuwa, da kuɗin ƙofa aka kama gyara. Kuma wanda ya je don fim, in ya sauka ƙasan gidan zai tarar da baje kolin kayan Masar, domin mai gidan, Lord Carnarvon na biyar, shi ya ɗauki nauyin Howard Carter har aka gano kabarin Tutankhamun a 1922. Ka ga fim ya jawo shi, tarihi ya tare shi a ƙofa.

Ɗan_Fagge: Na gode Malam. Hujjar kuɗi ba ni da ja a kanta. Ni ma na biya kuɗin shiga, na san inda za su. Abin da nake tsoro shi ne yaron da ya je ranar nan, in ya girma aka ce masa Alnwick, tsintsiya zai tuna.

Malam_Tanko_Tarihi: In ba don tsintsiyar ba, da bai san akwai Alnwick ba sam.

Bahaushiyar_Glasgow: Ni ina bayan Malam, amma da sauran magana. Na kai yarana Doune, kusa da Stirling. Gini ne na ƙarshen ƙarni na 14, Robert Stewart, mai sarautar Albany, ya gina shi. An ɗauki fina-finai da dama a can, amma shirin Outlander da aka fara a 2014 shi ya sauya masa rayuwa, cikin 'yan shekaru masu zuwa suka ninka fiye da sau uku. Matsalar, ba a gina wurin don irin wannan taro ba. Matakalar hasumiya siririya ce mai murɗewa, mutum ɗaya take ɗauka. Wajen ajiye mota ƙarami. Ƙauyen ma ƙarami. Ranar da muka je sai da muka yi layi a kan matakala, ni da goyo, ana ta haƙuri da juna. Dutsen takawa da ya yi shekara 600 yanzu dubban ƙafafu ke goge shi kowane mako. Kuɗi na shigowa, amma ginin ma yana biya da jikinsa.

Auta_Gwammaja: Don Allah wai mene ne sunan irin ginin nan da Hausa? Wani ya ce fada, wani ya ce gidan sarauta, wani ya ce sansani.

Malam_Tanko_Tarihi: Tambaya mai kyau, Auta. Abu biyu ne aka haɗa a gini ɗaya: gidan mai mulki ne, kuma mafakar yaƙi ce. Mu a nan gari muke kewayewa da ganuwa, fada tana ciki. Su kuwa gidan basaraken kansa suke mayarwa ƙaramin birni, da katanga mai kauri, da hasumiyar tsaro, wani lokaci da gwalalo mai ruwa a kewaye. Ni a aji nakan ce fada mai ganuwa. Highclere da na ambata ma suna kawai ya ci, ba a taɓa kare shi daga mahara ba, gidan hutun masu kuɗi ne da Charles Barry ya sake wa fasali a shekarun 1840, mutumin da ya zana ginin majalisar dokokin Birtaniya.

Sarkin_Kallo_Indiya: Ku duk kun tafi fina-finan Turawa. Mu 'yan Indiya fa? Wanda duk ya kalli Kuch Kuch Hota Hai na 1998 ya ga wata fada a kan ɗan tsibiri, da gada ta dutse, a cikin babbar waƙar fim ɗin. Shekaru ina ɗauka Indiya ce.

Bahaushiyar_Glasgow: Eilean Donan ke nan, tana nan arewa maso yammacin Sikotland. Kuma ga abin da zai ƙara wa Ɗan Fagge tunani: jiragen ruwan yaƙin gwamnatin Birtaniya sun ragargaza ta a 1719, ta zauna kango kusan shekara 200. Abin da ake gani yau an sake gina shi ne tsakanin 1912 da 1932. Wato tun kafin kyamara ta zo, wani ya riga ya gina yadda yake so tarihi ya kasance.

Sarkin_Kallo_Indiya: To ai a Indiyar ma akwai su birjik, musamman jihar Rajasthan. Mehrangarh a Jodhpur, da Rao Jodha ya kafa wajen 1459, tana kan tsauni kamar daga dutsen ta tsiro. Kurkukun ramin nan na fim ɗin Batman na 2012 a can yake.

Injiniya_Sabo: Gyara kaɗan, ɗan'uwa. Inda ya fito daga ramin ya tsaya, fadar na bayansa, nan ne Jodhpur. Ramin kansa a sutudiyo aka gina shi. Amma tunda ka kawo Rajasthan, a can akwai misalin da ya fi ƙarfafa maganar mai tambaya. A 2009 ana ɗaukar fim ɗin Veer a fadar Amber kusa da Jaipur, wani sashen katanga ya rufto, mutane suka jikkata, babbar kotun jihar ta dakatar da aikin. Wannan ba maganar ƙwace tarihi a baki ba ce, dutse ne ya faɗi ƙasa.

Mai_Haske_Lokeshin: Bari in sa baki a matsayina na wanda ya yi shekara tara yana jan waya da ɗaga fitila a wajen ɗaukar fim. Mai kallo ba ya ganin abin da ke bayan kyamara. Fitowa ɗaya ta minti biyu, mutum talatin ne a tsaye, ga janareta, ga ƙarafunan fitila, ga wayoyi, ga masu abinci, ga 'yan kallo da suka hau duk inda ƙafa za ta iya takawa. Mun taɓa aiki a wani tsohon gidan hakimi, ba zan faɗi garin ba. Soro ne na ƙasa, da azara, da zanen hannu a bango tun na kakanni. Wani yaronmu ya buga ƙusa don ya rataya labule, sai ɓangaren zanen ya ɓantalo kamar faɗin faranti. Dattijon da ke kula da gidan bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya tsince ɓarɓashin ya zuba a aljihun rigarsa. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Mun biya kuɗin gyara, amma magini da siminti aka kira, wurin ya zama tabo.

Ummu_Hanan: Innalillahi. Allah sarki dattijo.

Mai_Haske_Lokeshin: Shi ya sa da na ji yadda ake yi a manyan gidajen tarihi na Turai abin ya burge ni. Ana sa hannu a yarjejeniya tun kafin mota ta shigo. Ba a buga ƙusa, ba a manna komai a bango, ana shimfiɗa abin kariya a daɓe, kuma akwai ma'aikacin gidan da ke tsaye a kanku yana da ikon cewa a tsaya. Laifin ba na fim ba ne shi kaɗai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Direban_Sahara: Salamu alaikum. Ni daga Agadas nake rubutu. Ku bar ginin dutse tukuna, ku zo ginin ƙasa irin namu. Na je Maroko sau biyu, na ga Ait Ben Haddu, kilomita wajen 30 daga Warzazat. Gari ne mai ganuwa, duk da jar ƙasa aka gina shi a jikin tudu, a kan tsohuwar hanyar ayarin da ke tashi daga Sahara zuwa Marrakesh. Da na tsaya a bakin kogin ina kallonsa sai na ji kamar unguwarmu. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987. A can aka ɗauki wani sashe na Gladiator, da Game of Thrones, da wasu da yawa. Na zauna shan shayi da mutanen wurin, kusan kowa ya taɓa fitowa a fim, wannan ya yi bawa, wannan ya yi soja, wancan an yi hayar raƙuminsa. Yawancin iyalai sun tsallaka kogi sun koma sabon ƙauye mai ruwa da lantarki, gidaje kaɗan suka rage a tsohon. Ginin ƙasa kuwa kun sani, in babu mai kwana a ciki yana lura da indararo, damina biyu uku ta isa. Abin da ke sa ana yaɓe shi yanzu shi ne baƙi da 'yan fim.

Ɗan_Fagge: Yaya Direba, to a fina-finan nan an taɓa kiransa da sunansa?

Direban_Sahara: A manyan da na ambata dai a'a. Yau ya zama wani lardin Rumawa, gobe ya zama birnin bayi na ƙagaggen labari. Nan kam maganarka ta zauna. Magina Barbar suka yi wannan aiki, amma duniya ta san bangonsu ba ta san su ba. Mu ma nan Agadas an taɓa ɗaukar wani sashe na The Sheltering Sky, na 1990, kuma gidan da aka yi amfani da shi a tsohon gari, wanda ake kira gidan mai burodi, har yanzu in baƙo ya zo ana kai shi.

Baba_Magini: Ɗana ne ke rubuta mini. Ni magini ne, ubana magini, kakana magini. Na ji ana maganar ginin ƙasa. Abin da zan ce, ginin ƙasa ba ya mutuwa don tsufa, sakaci ke kashe shi. A duba indararo kafin ruwan fari, a toshe tsaga, a shafe da makuba, zai kai jikoki. Duk abin da zai sa a kira mu mu yi wannan aiki, ko fim ne ko baƙi ne, ina maraba da shi, domin yaran da na koya wa duk sun koma bulo. Sharaɗi ɗaya: kada a sa siminti a kan ƙasa. Yana riƙe danshi a ciki, bango ya ruɓe ba ka sani ba.

Malam_Tanko_Tarihi: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Maganarku ta fi duk abin da muka rubuta.

Auta_Gwammaja: To su Ertugrul fa? Waɗannan ganuwoyi da ake kai wa hari, na gaske ne?

Injiniya_Sabo: Akasarinsu ginawa aka yi don shirin, a Riva, bayan garin Istanbul. Kuma yanzu wurin ma mutane na biya su shiga kallo. Ita ce ɗaya hanyar: ka gina naka, ka ƙona shi in labari ya buƙata, babu tsohon bangon da zai ji ciwo.

Zango_Kumasi: 'Yan'uwa, ina karantawa tun ɗazu, akwai abin da ba a taɓo ba. Ba kowane irin wannan gini ne na sarauta da ado ba. Mu nan Gana muna da Elmina, da Turawan Fotugal suka gina a 1482, da kuma Cape Coast. Sama gidan gwamna ne mai iska da tagogi, ƙasa kurkukun bayi ne. Na shiga ɗakin mazan a Cape Coast, duhu, ƙaramar kafa ɗaya a can sama, kuma cikin waɗanda aka tsare a nan akwai mutanen da aka kamo daga arewa. Daga nan sai ƙofar da ba a dawowa, sai teku. Haile Gerima, ɗan Habasha, ya ɗauki fim ɗinsa Sankofa na 1993 a wurin, kuma labarin wurin ya bayar, bai ara masa wani ba. Irin wannan ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma da za a zo a yi rawa da waƙar soyayya a bakin ƙofar nan, ko nawa za a biya, ban yarda ba. Saboda haka amsar tambayar Ɗan Fagge ta danganta da wane gini, kuma wane labari.

Bahaushiyar_Glasgow: Wannan gaskiya ne. Ko Dubrovnik ta Kuroshiya haka take. An yi mata ruwan bama-bamai a 1991, mutane sun mutu, rufin gidaje da yawa sabo ne saboda haka. Bayan Game of Thrones ya mayar da ganuwarta da sansanin Lovrijenac babban birnin labarinsa, cunkoso ya kai har hukumar garin ta taƙaita yawan manyan jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido da ke tsayawa a rana. Mutumin da ya ɓuya a ƙarƙashin wannan katanga lokacin yaƙi, yanzu yana ji ana tambayarsa ina karagar ƙarfen nan ta cikin shirin take.

Malam_Tanko_Tarihi: Na karɓi wannan. Amma ku bar ni in ƙara misali ɗaya ta ɓangarena. Fadar Alkazar ta Sebiliya a Sifaniya, da shirin nan dai ya yi amfani da lambunanta. Asalinta fadar sarakunan Musulmin Andalus ce, kuma ko sashen da Sarki Pedro na Kirista ya gina a shekarun 1360, magina Musulmi suka yi masa, da rubutun Larabci a bango. Wani tsohon ɗalibina ya ga wurin a shirin, ya bincika, daga nan ya kama karatun tarihin Andalus, abin da na yi shekara uku ina ƙoƙarin cusa masa a aji bai shiga ba.

Hajiyar_Zinder: Ina ta jira a zo gida. Muna da fadar Damagaram a cikin Birni tun zamanin Sarki Tanimun, kuna da Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano, ga Gobarau a Katsina. Me ya sa fina-finanmu kullum falo da kujerun kushin da gidan sama na haya?

Mai_Haske_Lokeshin: Hajiya, dalilai ne da yawa. Fada mai sarki a ciki ba wurin wasa ba ce, akwai iyali, akwai zaman fada, ba za ka shigar da mutum talatin da janareta ba. Na biyu, fim ɗin tarihi kuɗi yake ci: dawaki, sulke, tufafi, ɗaruruwan 'yan rakiya. Na uku, duk inda ka kafa kyamara a jikin badala sai ka ga turken lantarki, ko allon talla, ko gidan bulo ya hau kanta. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, yau da ƙyar za ka sami tsawon da zai cika hoto ɗaya babu abin zamani a ciki.

Hajiyar_Zinder: To ka ga mu ba mu kai ga matsalar Ɗan Fagge ba ma. Shi yana kukan an cika wurin da baƙi.

Ɗan_Fagge: Haka ne Anti. Na dawo na sake karanta komai daga sama. Maganar Baba Magini da ta Malam sun rage mini zafi, amma ta Zango Kumasi da ta dattijon nan mai tsince ɓarɓashin bango sun ƙara mini wani. Abu ɗaya da ban faɗa ba a farko: da muka gama zagaye, ɗaya daga cikin abokaina, wanda don fim kawai ya biyo mu, ya tsaya ya karanta allon da ke bayanin Harry Hotspur, jarumin gidan Percy da aka kashe a yaƙin Shrewsbury a 1403, har muka kusa rasa bas. Ban san ko mutum nawa cikin taron nan suka yi haka ba.

Injiniya_Sabo: In za ka koma, ka tuna ba a buɗe Alnwick da hunturu, iyalin gidan na komawa ciki. Daga bazara zuwa kaka ne ake shiga.

Auta_Gwammaja: Baba Magini, don Allah in ana son ganin yadda ake haɗa makuba, har yanzu kuna yi? Akwai tsohon zaure a gidanmu, ana maganar a rushe shi bayan damina.

Baba_Magini: Muna yi. Kada ku taɓa shi tukuna. Ka ɗauko hoton bangon ta ciki da ta waje, da saman azara, ka sa a nan in gani.